Tudun Jarka

Ruwa ya kwana yana zuba.
Da gari ya waye, ciyawar tudu ta yi santsi kamar bayan tarwaɗa.
Ban gama shayi ba Sa'adatu ta ja hannun rigata:
"Baba, yau tudu zai yi gudu."

Ba da tudun nan aka halicci ƙasa ba.
Kakanninmu suka tara shi, kwano-kwano a ka,
zamanin haƙar kuza, nan bayan Bukuru.
Kuza ta hau jirgin ƙasa ta tafi,
ta bar mana tsibin jar ƙasa da kududdufi mai koren ruwa.
Damina ce ta ɗinka masa riga.

A gindin itacen turare Baba Choji na zaune,
rabin jarkoki jere a gabansa, rawaya duka,
har yanzu suna ƙanshin man gyaɗa.
Naira hamsin, ka yi ta zamiya har rana ta faɗi.
Wanda ba shi da hamsin,
shi zai kwaso jarkoki da yamma, an biya ke nan.
Gefe, Ngo Kangyang na juya gwaten acca,
tururi na tashi yana neman hancin mutane.

Hawa sai da na tsaya sau uku.
Gwiwa ta tuna mini shekaruna.
Daga sama Jos ta kwanta kamar shanya:
rufin kwano, hasumiyar masallaci, ƙararrawar coci,
gonakin kabeji, shingen ƙerana.

Na zauna a jarka, na kama igiya,
Dalyop ɗan makwabta ya turo ni ba sallama.
Iska ta ƙwace hulata.
Ciyawa na shuu, shuu a ƙarƙashina,
cikina ya rage a sama, ni na yi ƙasa,
na ji bakina na ihun da na manta ina da shi.
Bashin ƙarfe, kuɗin makaranta, ciwon baya,
babu wanda ya iya bin sawuna.
Na ƙare a taɓo, ƙafa a sama,
Sa'adatu na dariya har da riƙe ciki.

A nan, kusa da kunnena, na ga turken.
Ƙaramin turken siminti, an shafa masa jan fenti.
Wani can. Wani can gaba.
Sun zagaye tudun kamar haƙora.

Allon yana bakin hanya tun watan jiya:
otal mai hawa shida, wurin iyo mai shuɗin ruwa,
kujeru masu tafiya a igiya har ƙololuwa,
mutanen hoton duk suna murmushi,
babu mai taɓo a wando.

Yaron safiyo ya daɗe yana leƙenmu ta na'urarsa.
Can sai ya tuɓe rigar aiki, ya miƙa wa Baba Choji hamsin.
Sau huɗu ya sauko.
Ya goge hannu, ya koma ya ci gaba da awo.

Baba Choji bai ce komai ba.
An yi wa ɗansa alkawarin gadi, albashi duk wata.
Ni ma ban ce komai ba.
Ni mai walda ne,
kuma a aljihuna, jiƙe sharkaf, akwai takardar
ƙofar ƙarfen da suka ce in ƙera:
tsawo ƙafa goma sha biyu, da tagar karɓar kuɗi.
Na karɓi rabi. Mun ci shinkafa da shi.

La'asar ta yi, gajimare ya sake haɗuwa.
Sa'adatu ta tsinto hulata a cikin ƙaya.
"Baba, saura ɗaya."
Na dubi sama, na dubi gwiwata.
Na ɗauki jarkarta da tawa,
muka fara hawa.